Rahoto Biyu da Hannu Ɗaya

A masaƙarmu ta Sharada babba ba ya rubutu. Ba doka ba ce, ba a kafa ta a bango ba, amma duk wanda ya yi wata guda a sashen rini ya san haka abin yake. In jiniyar tashi ta kusa, sai babban ma'aikaci ya jingina da inji yana goge hannu da tsumma, ya dinga faɗa, ƙaramin da ya yi makaranta yana rubutawa a littafin aiki: bandir kaza muka rina, launi kaza, inji na uku ya yi gardama da hantsi. In an gama a miƙa masa biro ya sa hannu. Ban taɓa jin wanda ya ce an cuce shi a wannan tsari ba. Ni shekara huɗu na yi ina riƙe wa Malam biro.

Malam shi ne shugaban sashenmu, kuma haka kowa ke kiransa, har Turawan kamfanin. Ɗan marina ne daga Kura, tun kafin a gina masaƙar hannunsa ya riga ya yi shuɗi. Zai leƙa tukunyar rini, ya ɗan shanshana tururin, ya ce a ƙara soda. In Baturen ɗakin gwaji ya zo da 'yan kwalabensa ya auna, sai a tarar sodar ce ta gaza. Turanci yana jin sa sarai, yana kuma mayarwa daidai gwargwado, irin na bakin inji. Amma ka ba shi biro ka ce ya cika shafi guda, yanzu gumi ya keto masa. Ni kuwa na gama sakandare, na iya jera Turanci a takarda ko da ban san abin da nake jerawa ba, shi ya sa ya raɗa mini ɗan boko. Duk abin da na sani na rini a wurinsa na koya, kuma bai taɓa yi mini rowar ko ɗaya ba. Ina son a san wannan tun yanzu.

A ƙarshen shekarun saba'in gwamnati ta matsa wa kamfanoni lamba su ɗora 'yan ƙasa a kujerun da Turawa ke kai. Kamfaninmu ya ce zai tura mutum biyu Ingila su yi kwas na shekara guda a kan rini, duk wanda ya dawo da takardar shaida ya bar bakin inji ke nan, ya koma ofis. An ɗauki Malam saboda babu yadda za a tsallake shi. An ɗauke ni saboda manaja ya san mai cika littafin aiki. Har ya yi mana barkwanci a ofishinsa, ya ce ɗaya ya san rini, ɗaya ya san rubutu, in aka haɗa mu an sami mutum guda mai kyau. Muka yi dariya mu duka uku.

A lokacin ina haya a Dorayi, ɗaki ɗaya, matata na da ciki. Soda ta cinye mini fatar hannu, ga wani tari da tururin rini ya sa mini wanda ba ya jin magani. Na ga tsofaffin sashenmu yadda suke ƙarewa, ƙirji ya tafi, ido ya tafi, a sallame su da agogon bango. Tsakanin bakin inji da ofis ƙofa ɗaya ce tak, takardar nan, kuma ga shi an buɗe mini ita ina da shekara ashirin da shida. Ranar da zan tafi surukata ta riƙe hannuna ta ce, "Ka dai dawo da abin da ka je nema." Na ce mata in sha Allahu, har ina jin haushin ta yi shakka.

Garin da aka kai mu a arewacin Ingila yake, garin masaƙu, rabinsu ma sun fara rufewa. Ruwan sama ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Muka kama ɗaki ɗaya ni da Malam a gidan wata tsohuwa, gado biyu, tebur ɗaya, muna tuƙa tuwon garin shinkafa da kukar da muka taho da ita.

A makon farko aka tara mu baƙin ɗalibai, wata mata daga ofishin rajista ta raba mana ɗan littafin dokokin kwaleji, ta bi shi shafi shafi. Ban taɓa ganin mutanen da ke son doka irin waɗannan ba. Kowane darasi sai ka sa hannu a takarda da kanka, ba a sa wa wani. Rahoton gwaji a jefa shi a wani akwatin katako kafin sha biyun ranar Juma'a, sha biyu na bugawa a kulle akwatin, ko rasuwa aka yi maka sai ka kawo shaida a rubuce. In ka ɗauko magana daga littafi sai ka faɗi littafin da shafin, sai ka ce mai littafin zai biyo ka. Malami ba ya son a miƙe masa in ya shigo, ba ya son a ce masa ranka ya daɗe, wai gatsal za ka kira sunansa. Kuma so yake ka yi masa musu. Ɗalibin da ya zauna shiru yana sauraro cikin ladabi, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, a wurinsu bai san komai ba.

Akwai layi guda a littafin da ya ce duk aikin da ɗalibi ya miƙa ya zama nasa ne shi kaɗai. Na karanta shi, na gyaɗa kai. A zatona da masu leƙen takardar wani a ɗakin jarrabawa ake, ɓarayin zaune, kuma na yarda a hukunta su. Wallahi ko a mafarki ban kawo cewa da ni da Malam ake ba.

A ɗakin gwaji Malam sarki ne. An haɗa mu benci ɗaya, ga 'yan samarin Turawa kewaye da mu waɗanda ya haifi wasunsu. Malamin gwajin, wani matashi mai jan gemu, yakan kawo ƙyalle biyu da kowa zai rantse launinsu ɗaya, Malam ya kai su bakin taga ya ce wannan ya fi wancan ja kaɗan. A sa a na'ura, a ga haka ne. Har mai jan gemun ya fara kiran wasu malamai su zo su gani. Sai dai ba a ba da maki don ido. Kowane gwaji sai an rubuta rahotonsa, shafi biyar, shida, kowa nasa.

To, mu mun san yadda ake rahoto. Ranar Alhamis da yamma babu darasi. Malam ya zauna bakin gado ya lulluɓa da bargo, ya ce, "Ɗan boko, rubuta." Yana faɗin abin da ya faru a tukunya da dalilinsa, da Hausa, ni ina mayarwa Turanci ina ƙara lissafin da aka koya mana. In na gama sai ya kwafe da hannunsa a hankali, harafi harafi, harshensa a ɗan waje. Ni kuma in rubuta nawa. Da farko nakan canza kalmomi, ba don ina jin laifi ba, sai don kada malamin ya gaji da karanta abu ɗaya sau biyu. Da sanyi ya yi sanyi, ayyuka suka taru, na daina wahalar da kaina. A rahoto na tara na sa ɗigo a inda bai kamata ba a cikin wani lissafi, giram biyu da rabi ya koma ashirin da biyar. Malam ya kwafe ɗigon nan da aminci kamar yadda yake kwafe komai.

Mako biyu bayan haka kowannenmu ya sami wasiƙa, ana neman mu gaban kwamitin ladabtarwa.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur, mai jan gemun yana gefe shi ba ya cikinsu. Shugabansu wani dattijo ne mai sanyin murya. Ya ajiye rahotannin biyu gefe da gefe, ya nuna mana ɗigon, ya nuna mana layuka da aka ja wa jan biro, iri ɗaya sak. Sannan ya tura wa Malam nasa ya ce ya karanta sakin layi na biyu da ƙarfi, ya bayyana wa kwamiti abin da yake nufi da wata kalma a ciki.

Malam ya ɗauki takardar. Mutumin da in ya shigo sashe a Sharada ma'aikata sittin ke gyara tsayuwa, mai shekara hamsin, mai furfura a gemu, yau ga shi an tsare shi kamar ɗan firamare. Ya fara karantawa yana tuntuɓe, ya zo kan kalmar ya tsaya. Kalmar tawa ce, daga ƙamus na tsinto ta don burgewa. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, wata mata, ta sunkuyar da kai tana wasa da biro don kunya ta kama ta.

Ni ban iya jurewa ba. A masaƙa in bandir ya ɓaci, ba a barin Bature ya tsare babba a gaban mutane. Ƙarami ne zai yi wuf ya ce shi ne ya yi kuskure. A yi masa faɗa, wataƙila a ba shi takardar gargaɗi, washegari babban ya shiga ofis ya ce a yi haƙuri, yaro ne, ya ja masa kunne. Magana ta mutu, babba ya tsira da mutuncinsa, ƙarami kuma ya san yana da wanda zai tsaya masa gobe. Na yi wa Malam haka sau biyu a Sharada, kuma sau biyun ya fitar da ni. Don haka ban ma yi dogon tunani ba. Na ce a gafarce ni, Malam shi ya rubuta rahotonsa, ya bar shi a kan tebur ya fita, ni na ɗauka na kwafa bai sani ba. Na ce tsoro ne ya sa ya kasa karatu yanzu.

Dattijon ya dube ni. Ya tambaye ni ko na fahimci abin da nake faɗa. Na ce na fahimta. Ya juya wurin Malam ya ce, haka ne? Malam ya ajiye takardar a kan tebur. Can ya ce haka ne. Aka rubuta, aka karanta mana, muka sa hannu.

A hanyar gida Malam ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan boko. Gobe zan je in same shi."

Ya kuwa je. Ya sa babbar rigarsa a kan rigar sanyi, ya kafa hula, ya tafi ofishin dattijon ba da haƙuri. Sakatariya ta tambaye shi ko an ba shi lokaci. Ya zauna a benci har aka tausaya aka shigar da shi. Dattijon ya ba shi kujera, ya saurare shi da girmamawa, sannan ya ce masa shi ba shi da ikon yafe komai, magana ta riga ta shiga takarda. A nan ba a ba da haƙuri, in ji shi, sai dai a ɗaukaka ƙara a rubuce. Malam ya dawo ya zauna da rigar a jikinsa, ya ce, "Mutanen nan ba su da babba. Takarda ce babbansu."

Wasiƙa ta biyu ni kaɗai ta zo wa. An kore ni daga kwas ɗin. Ina da kwana goma sha huɗu in ɗaukaka ƙara.

A ranar mai jan gemun ya tare ni a matattakala ya ja ni ofishinsa. Ransa a ɓace yake, har kunnensa ya yi ja. Ya ce shi ya san Turancina kamar yadda ya san tafiyata, rahotannin nan biyu duk hannu ɗaya ne ya tsara su, kuma tun na uku ya fara zargi. Ya buɗe littafin dokokin ya sa yatsa. Ɗalibai biyu da suka haɗa kai a aikin da ya kamata kowa ya yi nasa, in karon farko ne, a soke aikin, a yi musu gargaɗi, su sake. Ya sauko da yatsan ƙasa kaɗan. Wanda ya ɗauki aikin wani ba da saninsa ba, wannan sata ce, hukuncinta kora.

"Da kun faɗi gaskiya," ya ce, "da yanzu kuna can kuna sake rahoto. Shi kuma in tura shi ajin Turanci na ranar Laraba, don irinsa aka buɗe shi. Me ya sa ka ɗauki ƙaramin laifi ka mayar da shi babba da bakinka?"

Ban san yadda zan bayyana masa ba. Na ce babbana ne. Ya ce ai ya san ya girme ni. Na ga ba za mu fahimci juna ba, sai na tambaye shi abin da ya rage. Ya ce in rubuta gaskiya duka in kai ofishin rajista. Tun da ni na kawo kaina, yana da ƙarfin gwiwar za a mayar da ni da gargaɗi mai tsanani, shi ma zai tsaya mini. Na ce Malam fa? Ya ce Malam ya sa hannu a kan ƙarya a gaban kwamiti, kuma zai bayyana cewa rahotanni tara ba shi ya rubuta ba. Bai ga yadda zai tsira ba.

Da na koma ɗaki na tarar da Malam yana wanke tukunyar tuwo. Na zauna na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ajiye tukunyar ya goge hannu.

"To, ɗan boko, me ka gani?"

"Ku za ku faɗa, Malam."

"Ni ba zan hana ka ba," ya ce. "Sai dai ka duba. Kai yaro ne, gabanka da faɗi. Ni 'ya'ya takwas ne a gidana, babbar an sa mata rana. In aka ce an koro ni a kan ƙarya, da wane ido zan shiga Sharada? Amma in Allah ya sa na koma da takardar nan, kai ne na hannun damana. Ba zan zauna a ofis kana bakin inji ba, wallahi."

Ya ce ba zai hana ni ba, kuma gaskiya bai hana ni ba. Da ya daka mini tsawa ya ce kar in kuskura, wataƙila da zuciya ta ɗebe ni na kai takardar. Amma ya bar mini zaɓi, kuma a cikin kwanakin nan goma sha huɗu shi ke tuƙa tuwo, shi ke zuba mini, mutumin da ban taɓa bari ya ɗauki ko buta a gabana ba. Na rubuta ƙarar sau uku. Tana aljihun kwat ɗina duk inda na shiga. A rana ta ƙarshe na je har ƙofar ofishin rajista, na tsaya ina karanta sanarwar da ke jikin allo kamar ita ta kawo ni. Matar da ta raba mana littafin dokoki ta leƙo ta tambaye ni ko ina bukatar wani abu. Na ce a'a, na gode. Na ji haushin Malam a ranar, na ji haushin Turawan da dokokinsu, amma haushin kaina ya fi, don na san tsoron abin da za a ce a Sharada ne ya riƙe mini hannu, ba tausayi kaɗai ba. Wanda ya tona wa ubangidansa asiri a ƙasar mutane, ko ya dawo da takarda goma, ba mai sake ba shi hannu da zuciya ɗaya.

Na sauka Kano ba wanda ya tare ni, don ban gaya wa kowa ba. Matata ta haihu, mace, ana saura kwana biyu a yi arba'in. Ta ga akwatina, ta ga fuskata, ba ta tambaye ni komai ba sai da ta ba ni ruwa. Surukata kuwa ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta tashi ta shiga ɗaki.

Wasiƙar kwaleji ta riga ni isa masaƙa. Jami'in ma'aikata, wani mutumin Filato mai kirki da muke gaisawa sosai, ya rufe ƙofar ofis ya ce, "Ɗan'uwa, gaya mini gaskiya. Ni na san waye ke rubutu a sashenku. Kai za ka kwafi na Malam?" Na ce abin da ke takarda shi ne. Ya girgiza kai ya ce to hannunsa a ɗaure yake, manya sun ce na ɓata wa kamfani suna a wurin da suke son ci gaba da tura mutane. Aka sallame ni a ƙarshen wata. Kafin watan ya ƙare na sha suna a bakin inji. Ɗan Ingila. Bature ya dawo. Wasu suka ce matan Turawa na bi, wasu suka ce giya. Waɗanda na rubuta wa wasiƙun neman hutu shekara da shekaru su suka fi kowa dariya.

Na taka Bompai kamfani kamfani, na dawo na taka sauran na Sharada. Ko'ina sai a ce in kawo takarda daga inda na baro, takardar kuwa ta faɗi dalilin sallamata a layi na biyu. A ƙarshe na sami aiki a wata majema a Challawa, inda ba a tambayar kowa takarda, ƙarfi kawai ake dubawa da juriyar wari. Muka tashi daga Dorayi muka koma Kumbotso don kusa. Ina jan ɗanyun fatu daga ramin tsima zuwa inji, in na dawo gida 'yata ta ƙi yarda in ɗauke ta sai na yi wanka biyu. Abin da ya riƙe ni a watannin nan shi ne lissafi guda da nake yi wa kaina kullum a kan hanya: mu biyu muka tafi, takarda ɗaya za ta dawo, kuma rabinta nawa ne. Ban taɓa gaya wa matata gaskiyar abin da ya faru ba, sai dai in ce mata ta bari Malam ya dawo.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida na hango shi yana tahowa a kan keke yana tambayar yara. Na ruga na karɓi keken, na shimfiɗa tabarma a zaure, matata ta kawo ruwa ta durƙusa ta gaishe shi. Ya rame, furfurarsa ta ƙaru. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowa, ya karɓi yarinyar ya yi mata addu'a. Ina ta satar kallon aljihunsa.

Da matata ta koma ciki ya ce, "Ɗan boko, Allah bai yi ba."

Ya ce bayan tafiyata rahotanninsa sun dinga dawowa jajur da biro. Ya shiga ajin Laraba, amma an makara. Ranar jarrabawa ya san amsar kowace tambaya, da tukunya aka ba shi da ya rina musu a gabansu, amma awa uku ya yi ya cika shafi ɗaya da rabi. Satinsa uku da dawowa. An mayar da shi tsohon wurinsa, an kawo wani yaro daga jami'a an ɗora a kansa. Ya yi wa manaja maganata, manaja ya ce kada ya sake tayar da ita.

Ban yi niyyar tambayarsa ba, don ba a yi wa babba irin wannan tambaya, amma ta fito.

"Malam, yaushe kuka gane ba za ku ci ba?"

Bai kauce ba. Ya ce, "Tun makon farko. Ranar da aka zagaya da mu aka nuna mana ɗakin jarrabawa, na ga kowa da teburinsa shi kaɗai, tsakaninsa da na kusa da shi mutum zai iya kwanciya. Tun ranar na sani."

"Ke nan ranar da kuke wanke tukunya, da na zo na tambaye ku, kun sani."

"Na sani."

"To, Malam, me ya sa?"

Ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Wanda ya faɗi jarrabawa, in ya dawo sai a ce masa sannu, Allah ya sa haka ya fi alheri. Haka aka yi mini, har gida aka dinga zuwa. Wanda aka koro kuwa, ai ka ga yadda suka yi maka."

Ya ce in yafe masa. Na ce ba komai, don ban san wata amsa da ake ba mai furfura ba, amma ban yafe ba a ranar, kuma shi ma ya san ban yafe ba. Matata ta leƙo da fara'arta tana tambaya ko a zubo abinci. Ya ce a'a, yamma ta yi, Kura zai wuce. Na tura masa kekensa har bakin titi, don ba a barin babba ya tura keke da kansa. Na ce a gaida mutanen gida, ya ce za su ji. Da na dawo matata tana tsaye a zaure da yarinya a baya, ta ce, "To, yaushe za ka koma masaƙar?"